Yadda Ake Mayar da Kwamfuta Daga Windows 11 Zuwa Windows 10, da Abin da Ya Kamata a Gwada Kafin Haka

A shagunan buga takardu na garuruwa irin su Ringim da Gumel da Bichi da Rano, da kuma ofisoshin makarantun ƙauye inda kwamfuta ɗaya tak ke ɗauke da sakamakon jarrabawar ɗalibai gaba ɗaya, ƙorafi guda ne ke yawan fitowa daga bakin masu aiki da Windows 11, wato yawan tambayar kalmar sirri. Idan aka kunna ta sai ta tambaya, idan mutum ya je salla ya dawo sai ta sake tambaya, idan kuma aka zo haɗa sabuwar firinta sai ta tsaya cak tana neman kalmar da mai shagon kaɗai ya sani, alhali shi yana gona ko ya tafi cin kasuwar wani gari, ga mutane a zaune a benci suna jiran takardunsu. Shawarar da ta fi saurin zuwa a irin wannan hali ita ce a kai ta wurin mai gyara ya yi mata fomatin, ya mayar da ita tsohuwar Windows.

Ana iya yin hakan, kuma zan bayyana hanyoyinsa dalla-dalla. Sai dai ina roƙon mai karatu ya fara gwada gyaran saiti, domin a mafi yawan lokuta tambayar kalmar sirri ba daga Windows 11 kanta take ba, daga yadda aka tsara asusun mai amfani take, kuma Windows 10 ma za ta yi irin wannan tambaya idan aka tsara ta haka. Zan bar sunayen wuraren da ake latsawa yadda suke bayyana a fuskar kwamfuta, tun da kusan duk na'urorin da ke hannunmu da Turanci suke.

Tambayoyin ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace da maganinta. Ta farko ita ce wadda ake yi lokacin kunnawa. Windows 11 tana matsa wa mutum ya shiga da asusun Microsoft, wanda kalmar sirrinsa kan yi tsawo, kuma idan aka manta ta sai da intanet da lambar waya ko imel ɗin da aka yi rajista da su kafin a dawo da ita, abin da kan zama wahala a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Mafita mafi sauƙi ita ce a sa lambar PIN, wadda lambobi 4 sun isa a yi ta, tana zaune a cikin kwamfutar kanta, ba ta bukatar intanet. Ana sa ta ne ta hanyar shiga “Settings”, sannan “Accounts”, sannan “Sign-in options”. Wanda kuma ba ya son asusun Microsoft sam, sai ya shiga “Your info” a ƙarƙashin “Accounts” ya zaɓi “Sign in with a local account instead”, kwamfutar ta koma aiki da asusun gida wanda babu ruwansa da intanet.

Akwai ma hanyar da za ta sa ta buɗe kai tsaye ba tare da tambayar komai ba. A shafin “Sign-in options” ɗin nan akwai maɓallin da ke cewa a amince da Windows Hello kaɗai wajen shiga, wato shiga da PIN ko fuska ko zanen yatsa, sai a kashe shi. Daga nan a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta netplwiz, a cire alamar da ke jikin layin da ke cewa dole masu amfani su shigar da suna da kalmar sirri, sannan a rubuta kalmar sau biyu don tabbatarwa. A ganina wannan ya dace da kwamfutar tebur da ke kwana a shagon da ake kullewa, wadda ba a ajiye komai a cikinta sai takardun gayyatar biki da wasiƙun neman aiki. Bai dace da laftof ɗin da ake ɗauka a jaka ana hawa mota da ita zuwa Dutse ko Kano ba, kuma bai dace da na'urar da ke ɗauke da hotunan katin ɗan ƙasa da bayanan bankin jama'a ba, domin waɗannan amana ce da mutane suka bar maka, duk wanda ya ɗauke na'urar kuwa ya ɗauke su.

Ta biyu ita ce wadda ke fitowa bayan kwamfuta ta yi barci, kuma ita ce ta fi ɓata wa masu shago rai. Gyaranta bai kai minti ɗaya ba. A wannan shafi na “Sign-in options” akwai inda ake tambayar yaushe Windows za ta sake neman ka shiga idan ka yi nisa da ita, sai ka zaɓi “Never”. Idan tambayar ta ci gaba, a nemo saitin “Screen saver” a cire alamar “On resume, display logon screen”.

Ta uku ta fi bukatar a tsaya a kanta. Ita ce wadda ke duhunta fuskar kwamfuta lokacin da za a saka sabuwar manhaja ko a canza wani babban saiti, ana kiranta UAC. Microsoft ta fara kawo ta ne a Windows Vista wadda ta fito kasuwa a 2007, kuma ta yi yawan damun mutane a lokacin har da dama suka koma Windows XP, abin da ya sa aka sassauta ta a Windows 7 a 2009. Abin lura a nan shi ne ba kowa take tambaya kalmar sirri ba. Wanda asusunsa na mai iko ne, wato “Administrator”, amsar e ko a'a kawai take nema daga gare shi. Wanda asusunsa na talaka ne, wato “Standard”, shi ne take neman ya kawo kalmar sirrin mai iko. Saboda haka idan kai ne mai kwamfuta amma tana tambayar ka kalmar wani, ma'anarsa wanda ya saita ta ya riƙe ikon a hannunsa, ko da bai yi da wata manufa ba. Ka sa shi ya shiga “Accounts”, sannan “Other users”, ya canza nau'in asusunka zuwa “Administrator”, shi ke nan an gama.

Ba na ba da shawarar a kashe UAC ɗungurungum, ko da yake akwai inda ake ja da ita ƙasa. Kwamfutar shago tana karɓar filashin kowa, na malamin makaranta da na ɗalibi da na sakataren ƙungiyar manoma, kuma duk wanda ya taɓa ganin bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar shotkot a madadinsu ya san irin abin da filashi ke kwasowa. Wannan tambaya tana daga cikin abubuwan da ke hana muguwar manhaja taɓa jijiyar Windows ba da saninka ba. Tsarin da na fi yarda da shi shi ne asusu biyu: na mai shago mai cikakken iko, da na yaron shago na talaka mai lambar PIN mai sauƙi. Mai shago ya saka firinta da duk manhajojin aiki tun farko, yaron ya riƙa buga takardu da fitar da su ba tare da an tambaye shi komai ba, domin aikin yau da kullum ba ya tayar da UAC.

Sauran tambayoyin ƙanana ne. Idan kwamfuta tana cewa kalmar sirri ta tsufa a canza ta, wannan wa'adin kwana 42 ne da Windows kan ɗora wa wasu asusun gida, ana cire shi da buɗe “Command Prompt” da ikon mai iko a rubuta net accounts /maxpwage:unlimited. Idan kuma Office ko imel ne ke ta neman a sake shiga, a duba kwanan wata da agogon kwamfutar, domin idan ƙaramin batirin da ke kan allon uwa ya mutu agogo kan koma baya, shafuka su ƙi amincewa da na'urar. Batirin nan mai kama da kwabo, wanda a kwamfutar tebur yawanci CR2032 ne, ba shi da tsada.

Akwai kuma tambayoyi biyu da sauya Windows ba ya magance su ko kaɗan, ya kamata mai sayen tokumbo ya san su. Ɗaya ita ce kalmar sirrin BIOS, wadda ke fitowa tun kafin Windows ta tashi. Ɗayar kuma ita ce ta na'urar da wani kamfani ko makaranta a ƙasar waje suka yi wa rajista da sunansu, wadda da zarar ta hau intanet lokacin saiti sai ta nuna sunan ma'aikatar tana neman imel ɗin ma'aikacinta. Wannan rajista tana manne da na'urar ne, ba da manhajar da ke kanta ba. Irin wannan kwamfuta a mayar wa wanda ya sayar da ita.

To, idan an gwada duk wannan kuma har yanzu ana son komawa, sai a san abin da za a rasa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, shekara 10 bayan fitowarta a 2015. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma gyare-gyaren tsaro na kyauta da ake aikowa kowane wata sun tsaya. Kamfanin ya sanar da shirin ƙarin wa'adi ga masu amfani na gida zuwa 13 ga Oktoba 2026, wanda ake shiga ta hanyar biyan dala 30 ko ta ajiye saitin kwamfuta a asusun Microsoft, kuma kowace hanya aka bi sai an shiga da wannan asusu da mutum ke gudu. Batun komawa Windows 7 kuwa, wanda wasu masu gyara ke so saboda ba ta da nauyi, a bar shi: tallafinta ya ƙare tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ya tsaya a kanta a siga ta 109, don haka shafukan rajistar jarrabawa da na banki za su riƙa ba da matsala, a gudu gara a tarar da zago.

Duk da haka akwai inda komawa Windows 10 ke da hujja. Windows 11, wadda ta fito a 5 ga Oktoba 2021, tana bukatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'urar, da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 aƙalla, kuma a ɓangaren Intel galibi sai zuriya ta 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin tsofaffin HP da Dell da ke yawo a kasuwanninmu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, an cusa musu ita ne ta bayan gida, shi ya sa suke tafiyar hawainiya. Haka nan akwai tsohuwar firinta ko sikana da ba ta aiki daidai sai a kan Windows 10. Idan irin wannan na'ura ce, kuma aikinta buga takarda ne ba hawa intanet ba, komawa ba laifi ba ne.

Kafin a taɓa komai, a kwashe fayiloli. Wannan shi ne matakin da nake so mai karatu ya fi ba wa lokaci, domin Windows ana sake saka ta sau ɗari, amma rajistar ɗaliban makaranta ta shekara biyar idan ta tafi ta tafi. A kwafe abin da ke “Desktop” da “Documents” da “Downloads” da “Pictures” zuwa wani faifai na waje ko babban filashi, sannan a kai shi wata kwamfuta a buɗe wasu fayilolin a tabbatar suna buɗuwa. A lura da fayilolin da ke da alamar gajimare a gefensu, waɗannan suna OneDrive ne, ma'ajiyar Microsoft ta kan intanet, sunansu kawai ke kan kwamfutar, sai an sauko da su da intanet kafin su kwafu. Masu buga Hausa kada su manta da haruffan da suka saka da kansu, irin su Rabi'at da Abdalla da aka daɗe ana fitar da ƙ da ɗ da ɓ da su, domin idan babu su tsofaffin takardu za su buɗe da baƙaƙe a hargitse. A rubuta kalmomin sirrin da burauza ta riƙe wa mutum, a nemo lasisin Office da na CorelDRAW, tun da sai an sake saka su. A sauko da direban Wi-Fi na wannan samfurin kwamfuta, wato manhajar da ke sa Windows ta gane Wi-Fi ɗin, daga shafin kamfanin da ya ƙera ta a ajiye a filashi, don kada a gama aiki a tarar ba ta ganin intanet ɗin da za a sauko da sauran direbobi da shi.

Abu biyu kuma a duba. Na farko, a shiga “Settings”, “System”, “About” a ga ko Windows ɗin Home ce ko Pro, domin lasisin da ke kan na'urar zai karɓi Windows 10 ne idan an saka irin wadda ta dace da shi. Na biyu, a duba ko faifan a kulle yake da BitLocker, wanda sababbin kwamfutoci kan kunna da kansu idan an shiga da asusun Microsoft. Mabuɗinsa lambobi 48 ne, ana samun sa a cikin asusun Microsoft ɗin da aka shiga da shi, a kwafe shi a takarda a adana. Wanda ya cire faifai kulle ya kai wata kwamfuta ba tare da wannan mabuɗi ba, babu mai gyaran da zai iya fito masa da fayil ko ɗaya.

Batun wuta ma ba ƙarami ba ne. Laftof a cika batirinta a bar ta a jone. Kwamfutar tebur kuwa kada a fara aikin sai da janareta mai isasshen mai ko sola mai ƙarfi, da rana tsaka ba da yamma ba, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan bar na'ura ba ta nan ba ta can.

Hanya ta farko ta komawa ita ce mafi sauƙi, amma ga wanda ya hau Windows 11 daga Windows 10 cikin kwana 10 da suka wuce kawai take. A wannan tsakani Windows tana ajiye tsohuwar a wata folda mai suna Windows.old. A shiga “Settings”, “System”, “Recovery”, a latsa “Go back”, a amsa tambayoyin, a bar ta ta yi aikinta. Fayiloli za su zauna, amma manhajojin da aka saka bayan hawa sabuwar sai an sake saka su. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: za ta dawo da kalmar sirrin da ake amfani da ita a Windows 10 a da, don haka a tabbatar ana tune da ita kafin a latsa. Idan maɓallin ya dushe ba ya latsuwa, wa'adin ya wuce ko an share foldar, sai hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ita ce saka Windows 10 sabuwa fil, wadda ke share abin da ke kan faifan. Ana bukatar filashi na gigabait 8 ko fiye wanda babu komai a ciki, domin za a goge shi. A shafin Microsoft a sauko da “Media Creation Tool” na Windows 10, a buɗe shi, a zaɓi yin filashin sakawa don wata kwamfuta. Zai ja data tsakanin gigabait 4 zuwa 6, saboda haka wanda ke ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi gara ya yi wannan a hedikwatar ƙaramar hukuma ko inda intanet ke tsayawa. Ina jan hankali sosai a kan a guji Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima da ke yawo a filashin masu gyara, wadda ake yabo da cewa ba ta da nauyi kuma ba ta tambayar komai, domin ba ka san abin da aka cire mata ko aka dasa a cikinta ba. Siga ta ƙarshe ta Windows 10 ita ce 22H2, ita za a nema.

Da filashi ya kammala, a kashe kwamfuta, a soka shi, a kunna ana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, wanda a HP shi ne F9, a Dell da yawancin Lenovo kuma F12. A zaɓi filashin. Idan ta nemi lambar lasisi a latsa “I don't have a product key”, a zaɓi Home ko Pro daidai da abin da aka gani ɗazu, sannan a zaɓi “Custom”. Nan ne wurin da ake ɓarna. Za ta nuna ɓangarorin faifai, kuma masu shago da yawa suna da ɓangaren D inda suke tara aikinsu. A duba girman kowane ɓangare da kyau, a goge wanda Windows ke kai kaɗai, a bar na ajiya. Wanda ya tabbatar ya kwashe komai yana iya share dukkan ɓangarorin “Drive 0” ya bar Windows ta tsara su da kanta. Idan kuwa ba ta nuna faifai ko ɗaya ba, abin da kan faru da wasu laftof masu Intel zuriya ta 11 zuwa sama, direban Intel RST ne babu, a sauko da shi daga shafin kamfanin na'urar a loda shi ta “Load driver”. Idan ta sake kunna kanta karo na farko a zare filashin, don kada ta koma farkon aiki.

A matakin ƙarshe na saiti kada a haɗa ta da intanet. A cire wayar intanet idan akwai, a latsa “I don't have internet”, sannan “Continue with limited setup”, ta haka za ta ba da damar buɗe asusun gida. Idan aka bar gurbin kalmar sirri babu komai za ta riƙa buɗewa kai tsaye, idan kuma aka sa kalma za ta nemi amsar tambayoyin tsaro 3, waɗanda ya kamata a rubuta a littafin shago a ajiye inda mai shago kaɗai ya sani.

Bayan ta tashi sai a saka direban Wi-Fi, a hau intanet, a duba “Activation” a tabbatar lasisi ya kama, a bar “Windows Update” ta sauko da duk abin da ya rage mata. Idan na'urar ta cika sharuɗɗan Windows 11 za ta sake tayin hawa, sai a zaɓi ci gaba da zama a Windows 10, a kuma gaya wa yaron shago kada ya amsa tayin. A buɗe masa asusunsa na talaka, a gyara saitin barci kamar yadda aka bayyana a sama, a saka firinta da haruffan Hausa, sannan a dawo da fayiloli. Kwafin da ke faifan waje kada a goge shi sai an yi makonni ana aiki an tabbatar babu abin da ya ɓace, kuma harkar banki da duk rajistar da ta shafi kuɗin mutane a mayar da ita kan wata na'ura da har yanzu ke samun gyaran tsaro.